Lawan Direba da Langar Hajiya Babba

A cikin direbobin da ke yini ƙarƙashin darbejiyar bakin masallacin layin su Alhaji Sanusi, a Nasarawa GRA, babu wanda ya taɓa jin Lawan ya ce a'a. Shi ya sa suka raɗa masa Malam To. Ka ce masa zo, ya ce to. Ka ce masa koma, ya ce to. Ka miƙa masa abinci kuwa, ba sai ya ce komai ba, hannun riga kawai zai naɗe.

Ba haɗama ba ce, tarbiyya ce. A wani ƙauye na ƙasar Ringim aka haife shi, a shekarun da damina ta riƙa yi wa mutane gardama. Mahaifiyarsa ba mace ce mai yawan dokoki ba, amma guda ɗayar da take da ita ba ta wasa da ita: duk wanda ya ba ka abinci ka ci, kuma kada ka kuskura ka mayar masa da kwano da saura, don cin fuska ne. Da wannan dokar Lawan ya shigo Kano yana saurayi. Ya yi yaron mota a wata roka mai kwasar bokitan roba daga Dakata zuwa kasuwannin ƙauye, ya koyi tuƙi a hannun wani direba mai saurin mari, ya ja tasi har aka daina yayinta, sannan Allah ya haɗa shi da Alhaji Sanusi, dillalin filaye da gidaje, tun Alhaji yana iya hango yatsun ƙafarsa daga tsaye. Ya auri Uwani mai ƙosai, suka zauna a Giginyu, suka aurar da Zulai da sauran 'ya'ya mata. Yau Lawan dattijo ne mai surukai, wanda in ya shigo layi samari ke rage ƙarar waya su gaishe shi. Abin da ya tara a duniya ke nan, mutunci, kuma yana lallaɓa shi yadda yake lallaɓa motar Alhaji a kan rami.

Ana nan sai likita ya shiga tsakani. Ya duba Alhaji ya ce sukari ya hau, jini ya hau, tumbi kuma ya sauko, saboda haka kullum bayan asuba a fita a yi sassarfa, kuma kada a ci abu mai nauyi kafin a fita.

Da farko abin ya yi wa Lawan daɗi. Alhaji na gaba yana jan ƙafa, shi yana baya a cikin jif, yana tafiyar da ko mai tura baro sai ya wuce shi, ga sanyin mota, ga rediyo na karanta labarai. Sai dai ba Alhaji kaɗai likita ya duba ba. Manyan unguwar da yawa sun fito, kowa da sabon kambas da agogo mai ƙirga taku, har suka kafa ƙungiya, wadda gaisuwarta ta fi gudunta yawa. Rannan sai ga Alhaji Haidar, tsohon babban sakatare, ya fito da Malachi mai kula masa da fulawoyi, yana biye da shi a ƙafa, riƙe da tawul da robar ruwa. Alhaji Sanusi ya kalle su, ya juyo ya kalli jif ɗinsa, sai ya ga kamar shi ne bai waye ba.

"Lawan, daga gobe ka ajiye motar nan. Da ƙafa za ka riƙa bi na."

"To, ranka ya daɗe."

Aka sayo masa kayan gudu. Alhaji da kansa ya zaɓa: farar riga, farin wando, farin kambas.

To, a bayan gidan akwai sashen Hajiya Babba, mahaifiyar Alhaji. Tsohuwa ce da ta ƙi gas ta ƙi kuku, da gawayi take girkinta, kuma a saninta ɗanta bai taɓa ƙetare ƙofa da safe da wofin ciki ba. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa. Kullum Lawan ya iso, za ta miƙo masa wata tsohuwar langa mai zanen fure, da zafinta.

"Ungo, kai wa uban gidanka. Ka ce ya ci kafin ya fita wannan tseren da ba a kora shi ba."

Wata rana ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na iyo a kai. Wata rana ɗanwake da mai da yaji. In ta ga ɗan nata ya faɗa a ido, sai ta haɗo da kofin fura da nono.

Alhaji ya rasa yadda zai yi. Ba ya iya saɓa wa likita, ba ya iya mayar wa uwarsa langa a cike. Zubarwa zunubi ne. Maigadi ɗan garin su Hajiya ne, duk abin da ya gani kafin hantsi ya kai mata. Saboda haka ya rufe ƙofar falo, ya tura langar gaban direbansa, ya rage murya.

"Bismilla, Lawan. Daga ni sai kai sai Allah."

Abin da Alhaji bai tambaya ba shi ne ko Lawan ya karya. Ya karya mana. Uwani ba ta sayar wa kowa ƙosai sai mijinta ya ci kaskon farko, da zafinsa, da koko cikin babban kofi. Tun amarci haka suke. Lawan ya dubi langa, ya tuna mahaifiyarsa, ya naɗe hannun farar riga. Da ya gama ya kai wa tsohuwa, ya buɗe murfi ya nuna mata.

"Tas, Hajiya."

"Madalla. Allah ya yi masa albarka."

Sai a fita gudu.

Cikin Lawan mai ladabi ne, ba ya fara magana sai an wuce kwanar farko. Da gunaguni yake somawa, can ƙasa, kamar janaretan maƙwabta. Sai gyatsa mai ƙamshin daddawa. Sai ƙwannafi ya taso har maƙogwaro. Sai wani abu ya soke shi a ƙarƙashin haƙarƙari kamar an cusa tsinken tsire. Duk wannan Lawan yana iya daurewa. Wanda ba ya dauruwa shi ne na ƙarshe, lokacin da hanji zai murɗa, ya saki, ya sake murɗawa, ya sanar da shi cewa akwai saƙo, kuma saƙon ba ya jira.

A ƙauyensu da sai ya ratse bayan wata geza. A Giginyu da sai ya yi sallama a kowane gida a ba shi buta. Amma wannan Nasarawa ce. Katanga ce ke bin katanga, kowace da waya mai ƙaya a ka, da kyamara a kusurwa tana kallon mutum kamar ta san abin da ke ransa. In ka tsaya a gindin bango, kare ne zai fara yi maka magana. Ga manyan mutane a baya. Ga farin wando.

Ranar farko Allah ne ya jefo masa Aliyu, wani Buzu mai gadin wani gida mai baƙar ƙofa, wanda masu shi suka tare a Abuja. Tun daga nesa Lawan ya hango rawaninsa a bakin kwana. Bai san lokacin da ƙafafunsa suka ɗauka ba. Ya bar Alhaji, ya bar Alhaji Haidar, ya wuce Malachi kamar an tsayar da shi, ya faɗa ƙaramar ƙofa yana cewa, "Buta, don girman Allah!"

Da ya fito, gumi ya tsane, duniya ta dawo daidai, sai ya tarar Aliyu ya tsiyaya shayi a ɗan ƙaramin kofi, baƙi ƙirin, mai kauri kamar zuma.

"Sha, aboki. Baƙo ba ya fita haka."

"To."

Shayin Buzu kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, sai ya sha na biyu. Kafin su zagayo gida, cikin ya sake buɗe sabon zance.

Haka aka yi ta yi. Lawan ya rame a fuska ya cika a tsakiya. Kullum in an doshi baƙar ƙofa sai ya tsinke da gudu, Aliyu kuma ya koyi barin ƙaramar ƙofa a buɗe da buta a cike. Da yake akwai kwana kafin gidan, manya ba sa ganin inda yake shiga. Abin da suke gani kawai shi ne dattijo mai furfura ya ɓace kamar an harba shi, in sun iso kuma su tarar da shi a tsaye yana jiransu, fuska a sake.

"Kun gani ko?" in ji Alhaji Sanusi, yana haki, yana dafe da gwiwa. "Irin mutanen da nake ɗauka aiki ke nan. Jinin Ringim ne. Ba a koya masa ba."

Alhaji Haidar ya taɓe baki. "Ɗan guntun wuri ne. Malachi ya yi wa makarantarsu gudu a Zonkwa. A sa su doguwar hanya mana a gani."

"A sa!"

Nan take ƙungiya ta tsayar da gasar zumunci ta masu rakiya. Aka zaɓi wani dogon titi miƙaƙƙe a can ɗaya gefen unguwar, wanda babu kwana, babu baƙar ƙofa, babu Buzu. Aka ce iyalai su fito kallo, kowa ya zo da wayarsa a ɗauka a tura wa 'yan uwa.

Da Lawan ya ji maganar waya, sai ya ga surukansa a zaune suna kallo. Ya ga direbobin gindin darbejiya sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Ya ga farin wando.

Da la'asar ya tsaya a kemis ɗin Sista Loretta, wata ma'aikaciyar jinya 'yar Wusasa da ta yi ritaya ta buɗe shago a bakin layinsu. Ya jira sai da masu sayen maganin mura suka watse.

"Sista, wani abokina ne ke da matsala. In yana gudu sai cikinsa ya... ya riƙa neman fita."

"Ayya. Me abokin naka yake ci kafin ya fita, Baban Zulai?"

"Ɗan koko. Da ƙosai."

"Shi ke nan?"

"Sai ɗumame. Ko ɗanwake. Wani lokacin fura." Ya sunkuyar da kai. "Sai shayin Buzaye a hanya."

Sista Loretta ta cire tabarau ta ajiye a kan kanta.

"Shi wannan abokin naka, gudu yake zuwa ko walima? Ka ga, in mutum na gudu, jini barin ciki yake yi ya tafi ƙafafu. Abincin sai ya zauna ba mai kula shi, ga shi ana ta kaɗa shi kamar nono a gora. Wake, mai, yaji, nono, shayi mai kauri, ai duk masu tayar da hanji ne, shi kuma ya tara su a ɗaki ɗaya ya kulle. Ka ce masa abinci mai nauyi sai an dawo. In dole sai ya ci, ya ba shi awa biyu ko uku ya faɗa. In ba hali, 'yar ayaba ko kurɓin koko ya isa. Ruwa kaɗan-kaɗan, ba a ɗaga jarka ba. Ya zagaya tun a gida. Ya fara a hankali, kada ya fizga. In ya yi duk wannan abin bai daina ba, ko ya ga jini, to asibiti, ba wurina ba."

"Babu dai wata ƙwaya?"

"Babu ƙwayar da za ta yi dambe da ɗanwake. Bakinsa zai buɗe ya ce ya ƙoshi." Ta mayar da tabarau. "Kuma ka gaya wa abokin naka kambas ɗin nan ya yi masa kyau."

Lawan ya dubi ƙafarsa, ya yi sallama.

Ranar gasa, Uwani ta kwashe kaskon farko ta ajiye a gabansa, har da ƙari, don ta ji an ce yau maigida zai kare sunan gida. Lawan ya kurɓi koko sau biyu, ya ajiye kofi. Ya ture kwanon ƙosai gefe.

"Uwani, ajiye min. Sai na dawo."

Ta saki matsami a cikin mai. "Malam, me na yi maka?"

"Ba ki yi komai ba."

"Gishiri ne? Wake ne bai jiƙu ba? Ko Sista ta ce maka wani abu ne kake ɓoye min?"

"Sai na dawo, wallahi zan cinye har da na kasko na biyu."

Ya ɗauki buta ya zagaya, ya fito ya bar ta tana ɗanɗana ƙullu tana girgiza kai. Wannan ce a'arsa ta farko, kuma ita ce mai sauƙin.

A gidan Alhaji, Hajiya Babba ta ji labarin gasa, ta ɗauka ɗanta ne zai yi tseren. Langar ranar sai da ta sa hannu biyu: ɗanwake har baki, da dafaffen ƙwai a kai, mai na sheƙi. Alhaji ya rufe ƙofar falo yana murmushi.

"Yau kam ka ci ka ƙara, Lawan. Ƙarfin ke nan. Ina so Haidar ya rasa inda zai sa fuskarsa."

Lawan ya dubi ɗanwake. Ɗanwake ya yi kyau, ba a magana. Ya ji muryar mahaifiyarsa, ya ji ta Sista Loretta, sannan ya tuna dogon titin nan da ba shi da kwana.

"Ranka ya daɗe... na ƙoshi."

"Ka me?"

"Na ƙoshi, ranka ya daɗe."

Alhaji ya yi dariya, ya ga Lawan bai yi ba. Ya yi lallashi, ya yi faɗa ƙasa-ƙasa don kada a ji a bayan gida. Ana haka waya ta yi ƙara, Alhaji Haidar ne yana tambaya ko tsoro ne ya hana su fitowa. Alhaji ya figi hularsa ta gudu. Aka bar langa a kan tebur.

Aka jera masu rakiya, direbobi da masu gadi da kuku ɗaya. Aka busa usur. Lawan ya fara a hankali, yadda aka ce. Ya saurara. Shiru. Babu janareta, babu tsinken tsire. Ya ƙara sauraro, ko gyatsa babu. Sai ya ji iskar safiya na shiga masa har ƙasan ƙirji. Ashe titunan nan akwai tsuntsaye. Ashe mangwaron gidajen nan ya yi fure. Duk watannin nan bai taɓa ɗaga kai ba, ƙofa kawai yake nema.

"Lawan! Taka mana! Irin na kullum!" Alhaji ne ke binsa a gefen titi yana ihu.

Lawan ya so ya taka. Ya nemi abin da ke tunkuɗa shi kullum, ya rasa. Ƙafafun dattijo ne kawai, masu ciwon gwiwa, suna abin da za su iya. Malachi ya wuce. Masu gadi suka wuce. Kuku, da tumbinsa da komai, ya wuce yana ba shi haƙuri. Lawan ya iso na ƙarshe, yana ɗaga wa masu waya hannu, wandonsa fari sol kamar yadda aka sayo shi.

Suna shiga get ɗin gida, Alhaji ya juyo kansa.

"Ka kunyata ni a gaban Haidar. Ka cire kayan nan. Daga gobe ka koma cikin mota, tunda abin da ka iya ke nan."

"To, ranka ya daɗe," in ji Lawan, kuma bai taɓa faɗin to mai daɗin wannan ba.

Suka tura ƙofar falo. Hajiya Babba na zaune a kan kafet, ta miƙe ƙafa, langa a gabanta a buɗe, ɗanwake ya sandare. Ta zo ɗaukar kwanonta ne da ta ga an daɗe. Ba ta kalli ɗanta ba.

"Lawan, zo nan. Kai ba ka yi min ƙarya. Wa ke cinye abincin nan kullum?"

Lawan ya durƙusa. Ya saci kallon Alhaji, Alhaji na kallon silin.

"Ni ne, Hajiya."

"Ikon Allah. Shi ya sa. Ina ta zuba man shanu, wancan na ƙara tsamurewa, kai kana ƙara tumbi. Ashe direba nake kiwo."

"Inna, likita ne ya ce..." Alhaji ya fara.

"Likitan ne ya yi naƙudarka? Daga gobe a gabana za a ci. In ga loma ta shiga, in ga ta wuce. Sannan a je a yi ta tseren."

Washegari Lawan ya ci ƙosansa na kaskon farko hankali kwance, Uwani na tsaye a kansa sai da ta ga bayan na ƙarshe. Ya zo ya tayar da jif, ya kunna sanyi, ya kamo labarai. Alhaji ya fito daga sashen tsohuwa yana goge baki, da alamar tuwon dawa ne. Aka ɗau hanya.

An wuce kwanar farko lafiya. Can sai Lawan ya ga Alhaji ya dafe haƙarƙari. Sai ya ga ya daina amsa gaisuwa. Sai ya ga yana waige-waige, yana duban katanga, yana duban kyamara. Lawan ya san wannan kallon. Ya matso da mota a hankali, ya sauke gilashi, ya rage murya yadda Alhaji ke ragewa a falo.

"Ranka ya daɗe, bayan kwanar can, baƙar ƙofa. Ƙaramar a buɗe take. Ka ce wa Aliyu ni na turo ka."

Alhaji ya dunƙule hannu ya tsinke da gudu. Ya wuce Alhaji Haidar, ya wuce Malachi da tawul ɗinsa, 'yan ƙungiya suka tsaya cak suna tafi, wani na cewa, "Kai, Alhaji Sanusi ya samu lafiya!"

Lawan ya leƙo da kai ta taga, ya ɗaga murya:

"In ya miƙo shayi, ranka ya daɗe, ka ce ka ƙoshi!"

Amma Alhaji ya riga ya sha kwana.